Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tsara Manufofin Lafiya Da Hukumomin Wasannin Makarantu Kan Aikin Fisiyo Ga Yara

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan yara iri biyu waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su, amma ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa idan sun je asibiti. Na farko shi ne wanda ya ji rauni a filin wasa. Na biyu shi ne wanda aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa ko ta laka ko ta jijiyoyi, ko kuma ta same shi yana ƙarami, kuma zai rayu da ita shekaru masu yawa. Dukansu aikin likitan fisiyo suke buƙata, wato ƙwararren da ke gyara motsin jiki ta hanyar atisaye da horar da gaɓoɓi, kuma dukansu tsarin da ke hannunku yana cutar da su ta fuskar lokaci, domin ana gaggawar mayar da na farko fili tun bai gama warkewa ba, na biyu kuwa ana jinkirin kai shi har sai gaɓoɓinsa sun ƙage.

Ba sabon kira nake yi ba. Tun a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da lafiyar jiki wanda ta sa wa wa'adin 2030, kuma ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna cewa mutum biliyan 2.4, wato kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfana. A watan Mayu na 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan batun, inda ƙasashe suka amince su shigar da shi cikin tsarin lafiya tun daga ƙananan asibitoci. Hukumar da kanta ta ce a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi, ƙwararrun wannan fanni ba su kai 10 ga kowane mutum miliyan ɗaya ba. Alkawari dai an riga an ɗauka, saura cikawa, kuma yara ne suka fi kowa asara idan aka yi jan ƙafa, saboda jikinsu ba ya tsayawa jiran kasafin kuɗi.

Bari in fara da filin wasa. Ƙashin yaro yana girma ne daga wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, kuma wannan wuri ba ya rufewa sai wajen shekara 14 zuwa 18, 'yan mata suna riga maza. Kafin ya rufe, ya fi jijiyoyin da ke kewaye da gaɓar rauni. Saboda haka faɗuwar da za ta bar babba da targaɗe, takan bar yaro da tsagewa a daidai inda ƙashinsa yake tsiro, kuma idan aka yi sakaci ƙafa ɗaya za ta iya gajarta ko ta karkace bayan shekaru. Tun 1963 likitoci biyu a Kanada, Salter da Harris, suka kasa irin wannan karaya gida 5, kuma har yau da rabonsu ake aiki. Abin takaicin shi ne, mai horar da yara da yawa bai taɓa jin labarin wannan guringuntsi ba, yana ganin kumburi a idon sawu sai ya ce targaɗe ne, a ɗaure a ci gaba.

Akwai kuma raunin da ba faɗuwa ke kawo shi ba, yawan maimaitawa ne. Yaron da ke tsakanin shekara 10 da 15, mai yawan gudu da tsalle, yakan fara kukan ciwo a ɗan tudun da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin da jijiyar tsokar cinya take manne da ƙashin ƙwauri. Wannan ita ce lalurar Osgood-Schlatter, wadda likitoci biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Suwizalan, suka bayyana a 1903. 'Yar'uwarta tana kama dunduniya, inda agara take jan ƙashin da bai gama ƙwari ba, kuma Sever ya bayyana ta a 1912. Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar tiyata a mafi yawan lokuta. Abin da suke buƙata shi ne wanda zai auna nauyin atisayen da yaron yake yi, ya rage shi gwargwadon hali, ya ƙarfafa tsokokin cinya da ƙugu, sannan ya mayar da shi fili mataki-mataki. Hana yaro wasa baki ɗaya har tsawon shekara kuskure ne, haka nan ce masa ya daure kuskure ne, kuma sanin tsakiyar nan shi ne ainihin abin da aka horar da likitan fisiyo a kai. Har ila yau shi ne zai tuna cewa matashi mai ƙiba da ke ɗingishi yana nuna gwiwa, wani lokaci matsalar a ƙugu take, kan ƙashin cinya ne ya zame daga mazauninsa, lalurar da ke son likitan ƙashi cikin gaggawa tare da hana yaron taka ƙafar.

Inda gaggawa ta fi yin ɓarna shi ne yagewar jijiyar nan da ke gicciye a cikin gwiwa, wadda ake kira ACL, kuma 'yan mata masu buga ƙwallo sun fi maza fuskantar haɗarinta. Bayan tiyata, ciwo yakan lafa cikin 'yan watanni, yaro ya ji garau, iyaye su ji garau, mai horarwa ya tuna cewa gasa ta kusa. Amma binciken da aka yi tsakanin Amurka da Norwe, aka wallafa a 2016, ya gano cewa duk wata guda da aka ƙara jira kafin komawa wasa, har zuwa wata na 9, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Wani nazari na wannan shekarar ya nuna cewa cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu yana sake yaga jijiyar, ko a gwiwar da aka gyara ko a ɗayar. Shi ya sa likitan fisiyo ba ya tambayar yaro ko yana jin ciwo kawai. Yakan ja layi a ƙasa, ya sa shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya dira ya tsaya cak, ya auna tazarar, ya sake da ɗaya ƙafar, yana kallon ko gwiwar tana faɗawa ciki lokacin dira. Idan ƙafar da aka yi wa aiki ba ta kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar ba, yaron bai shirya ba, ko da kuwa ya rantse cewa ya warke.

Buguwar kai ta fi wannan tsanani. Yaro zai iya samun girgizar ƙwaƙwalwa ba tare da ya suma ba, kuma matsayar ƙwararru, wadda aka sabunta a taron Amsterdam na 2022, ita ce duk wanda ake zargin ya same ta a fitar da shi nan take, kada ya koma a wannan rana, ya ɗan huta na sa'a 24 zuwa 48, sannan a fara motsa jiki mara nauyi ana ƙarawa sannu a hankali, kuma ya koma aji sosai kafin ya koma wasan da ake karo. Lardin Ontario na Kanada ya mayar da irin waɗannan matakai doka a 2018, bayan rasuwar Rowan Stringer, ɗalibar sakandare 'yar shekara 17 da ta buga kanta fiye da sau ɗaya cikin 'yan kwanaki a wasan zari-ruga a 2013. Bai kamata kowace hukuma ta jira sai ta yi irin wannan rashi ba kafin ta rubuta ƙa'ida.

Rigakafin ma ba shi da tsada. Shirin ɗumama jiki na FIFA 11+ minti 20 ne kawai, ba ya buƙatar na'ura, kuma gwajin da aka yi da shi a kan 'yan mata matasa kusan 1,900 a Norwe, aka wallafa a 2008, ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda aka tsara wa ƙananan yara ya rage su da kusan rabi. Koya wa malamin wasanni wannan shiri aikin yini ɗaya ne.

Yanzu sai in juya ga yaro na biyu, wanda a gaskiya lamarinsa ya fi ci mini rai. Galahanga, wato lalurar sandarewa ko raunin gaɓoɓi da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa tun yaro yana jariri, ita ce kan gaba cikin lalurorin da ke naƙasa motsin yara, tana samun kusan jarirai 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000, kuma ta fi yawa inda kulawar haihuwa take da rauni. Musabbabinta lahani ne da ke samun ƙwaƙwalwa tana cikin ginuwa, ko saboda haihuwar bakwaini, ko rashin iskar numfashi lokacin haihuwa, ko shawara mai tsanani a makon farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Likitan Ingila William John Little ya bayyana ta tun a shekarun 1860. Abin da iyaye suka fi buƙatar a faɗa musu a fili, kuma ba kasafai ake faɗa ba, shi ne cewa lahanin da ke cikin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Abin da ke sauyawa shi ne jiki. Ƙashi yana tsawo, tsokar da ta sandare ba ta bin sa, sai dunduniya ta ɗage daga ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe, cinyoyi su harɗe, a hankali ƙugu ya fara gocewa. Yawancin wahalar da ake gani a yaro ɗan shekara 10 an gina ta ne a shekarun da babu wanda yake duba shi.

A da akan ce wa uwa ta jira sai yaro ya kai shekara ɗaya ko biyu kafin a iya cewa komai. Wannan magana ta tsufa. Jagorar da ƙwararru na ƙasashe da dama suka fitar a 2017 ta nuna cewa ana iya gano jaririn da ke cikin babban haɗari tun bai kai wata 6 ba, ta hanyar lura da yanayin motsinsa yana kwance a farke, da gwajin jijiyoyi na Hammersmith, da hoton ƙwaƙwalwa inda ake da shi. Biyu na farkon ido da horo kawai suke buƙata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a shekaru biyun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo. Duk jaririn da ya kwanta a sashen jarirai saboda bakwaini ko shaƙewa ko shawara mai ƙarfi, ya kamata ya bar asibiti da ranar ganin likitan fisiyo a rubuce a katinsa, maimakon a bar uwa ta gano da kanta a wata na 10 cewa ɗanta bai riƙe wuya ba.

Sai batun irin aikin da ake yi, kuma a nan ina roƙon shugabannin asibitoci su saurara da kyau. Abu ne mai sauƙi a sayi fitilar gashi da na'urar lantarki a jera a ɗaki a ce an buɗe sashen fisiyo, amma ba waɗannan ke koya wa yaro zama ko tafiya ba. Hatta miƙe gaɓa da hannu, idan shi kaɗai ake yi, babban nazarin 2017 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya nuna cewa ba ya kawo wani sauyi na a zo a gani ga sassaucin gaɓa. Abin da hujja ta fi goyon baya shi ne yaro ya yi motsin da kansa, sau da yawa, a kan wani aiki da yake da ma'ana a wurinsa. A ce yarinya ce 'yar shekara 2 da hannunta na dama ya raunana. Likita zai sa wa hannun hagu safa mai kauri na wani lokaci, ya ajiye abin wasa mai ƙara a ɓangaren dama, nesa kaɗan da inda take iya kaiwa, ya jira. Za ta yi fushi, za ta yi ƙoƙarin cire safar da haƙori, daga baya ta miƙa hannun da ta saba mantawa da shi. Washegari sai a matsar da abin wasan gaba kaɗan. Wannan aiki mutum yake buƙata da lokaci da haƙuri, kuma kuɗin da za a kashe a kan na'ura ɗaya ya fi amfani idan aka ɗauki ma'aikaci da shi.

Tun 1997 ake da ma'auni mai mataki 5 da aka tsara a Kanada, wanda ke nuna ƙarfin motsin yaro mai galahanga, daga wanda ke tafiya da kansa zuwa wanda sai an ɗauke shi. Amfaninsa shi ne yana hana yaudara. Ba kowane yaro zai yi tafiya ba, kuma wanda ke mataki na 5 buƙatarsa ita ce kujerar da ta dace da jikinsa, da yadda za a zaunar da shi ya ci abinci ba tare da ya shaƙe ba, da kariya daga gyambon kwanciya da ciwon ƙirji. Wannan ma aiki ne cikakke, kuma duk wanda ya yi wa iyaye alkawarin warkewa baki ɗaya ya ci amanarsu.

Idan kuna neman misali ɗaya na abin da tsari yake iya yi, ku dubi ƙasar Suwidin. A 1994 suka fara rajistar yara masu galahanga a kudancin ƙasar, likitocin fisiyo suna auna gaɓoɓinsu a kai a kai, ana ɗaukar hoton ƙugu bisa jadawali gwargwadon matakin yaro, a sa baki da zarar ƙashi ya fara zamewa. Bayan shekara 20, gocewar ƙugu ta sauka daga kashi 8 cikin 100 zuwa 0.5. Ba su ƙirƙiro wani sabon magani ba. Sun dai rubuta sunan kowane yaro, suka kira shi a kan lokaci. Wanda ya taɓa ganin yadda yaron da ƙugunsa ya goce yake kuka duk lokacin da za a sauya masa tufafi, ya san girman abin da wannan adadi ya tsare.

Ba galahanga kaɗai ba ce, kuma haɗa dukan lalurorin a yi musu magani iri ɗaya haɗari ne. Lalurar Duchenne, wadda ke kama yara maza, kusan ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000, tana cin tsoka ne a hankali, kuma alamarta ta farko ita ce yaro ya riƙa dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa yana hawa jikinsa da hannu kafin ya miƙe daga ƙasa. Atisaye mai nauyi da zai taimaki wani yaro, shi wannan ƙara lalata masa tsoka zai yi. Jaririn da jijiyoyin kafaɗarsa suka ji rauni wajen haihuwa yana buƙatar a riƙa motsa masa hannu tun makonnin farko, kuma idan ya kai wata 3 zuwa 6 bai iya lanƙwasa gwiwar hannu ba, a tura shi wurin likitan tiyata. Yaro mai sikila zai iya samun shanyewar ɓarin jiki tun yana firamare. Wanda aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya ba ya jin ƙafafunsa sosai, don haka takalmin gyara da ya matse zai yi masa rauni bai sani ba. Bambance waɗannan sai wanda ya yi karatun fannin yara musamman, kuma wannan horo ne ya fi ƙaranci.

Akwai wata gaskiya da tsarin asibiti ba ya son lissafawa. Sa'a ɗaya a mako a gaban likita ba ta isa komai ba, sauran sa'o'in a gida suke, kuma galibi a wuyan uwa. Ita ce ke ɗaukar yaron da ya yi mata nauyi, ita ce ke barin sana'arta ranar asibiti, ita ce kuma ake zargi da sakaci idan ta daina zuwa. Uwar da ta daina zuwa sau da yawa nisa da kuɗin mota ne suka kayar da ita. Maganin wannan shi ne a kai hidimar kusa da ita, a ƙananan asibitoci da makarantu, a horar da ma'aikatan lafiya na cikin al'umma ƙarƙashin kulawar ƙwararre, a shigar da zaman fisiyo da kayan tallafi cikin inshorar lafiya, tare da tuna cewa takalmin gyara da kujerar yaro sukan yi masa kaɗan yana girma, ba abin bayarwa sau ɗaya ba ne. Haka kuma hidimar kada ta yanke ranar da ya cika shekara 18, domin lalurar tana nan, kuma manya masu galahanga da yawa sukan fara rasa ƙarfin tafiya tun kafin tsufa.

Ku kuma hukumomin wasanni, yaro na biyu naku ne kamar na farko. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu matsakaicin minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma ta ambaci masu naƙasa a fili. Gasar nakasassu ta duniya, wadda aka fara a Rum a 1960, ta samo asali ne daga asibiti, lokacin da Dokta Ludwig Guttmann ya shirya wa masu raunin laka gasar harbin kibiya a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1948 a matsayin wani ɓangare na jinyarsu. Duk da haka, a makarantu da yawa yaro mai ɗingishi shi ake bai wa tsaron jakunkuna yayin da sauran suke fili. Sashe na 26 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ya wajabta samar da wannan hidima tun da wuri kuma kusa da gida, sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 kuma ya amince da wasa a matsayin haƙƙi.

Saboda haka roƙona gare ku a taƙaice yake. Kada a bar mai horarwa shi kaɗai ya yanke hukuncin ranar da yaron da ya ji babban rauni zai koma fili, a nemi takardar ma'aikacin lafiya, kuma kowace makaranta ta mallaki rubutacciyar ƙa'ida kan buguwar kai wadda iyaye suka sani. A ɓangaren asibiti kuma, a haɗa sashen jarirai da sashen fisiyo ta yadda turawa za ta zama dole, a buɗe rajistar yara masu lalurar jijiyoyi, a ɗauki likitocin fisiyo a matakin ƙananan asibitoci tare da masu koyar da magana da masu koyar da ayyukan yau da kullum. Ina kuma roƙon ku ƙara layi biyu a rahoton da asibitoci suke aiko muku kowace shekara, wato yara nawa aka tura sashen fisiyo da shekarunsu a ranar zuwan farko, da kuma nawa ne daga cikinsu suke ci gaba da zuwa bayan wata 6.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai kishin lafiyar yara